Rancen banki da miji da mata suka ci tare: in rigima ta tashi, wa zai biya nawa?

Maman Ihsan:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana harkar banki da malamanmu su warware mana wannan, don magana ta je gaban iyaye an kasa tsayar da ita.

Wasu ma'aurata ne a nan Kano suka karɓi rancen naira 900,000 a wani ƙaramin bankin ba da rance. Za a biya cikin wata 12, kuɗin ruwa kashi 4 cikin ɗari kowane wata, ana zuba 111,000 duk ƙarshen wata. Su biyun duk sun sa hannu a takarda, amma asusun matar kuɗin ya shiga. Ita ta ɗauki 300,000 ta sayi firiza da kayan sana'ar zoɓo da ƙanƙara. Shi ya karɓi 600,000, ya zuba 450,000 a shagonsa, ya biya haya da 150,000. An zuba na wata biyar: uku ita ta biya da kwasar adashinta da ɗankunnen gwal da ta sayar, biyu shi. Yanzu zubi ya tsaya, ta yi yaji tana gidansu, jami'in banki kuma ita yake kira dare da rana.

Shi ya ce ragowar rabi da rabi za a yi, tunda tare suka ci kuma ita ma a ɗakin hayar take kwana, wanda ta biya a baya kuwa taimako ne ta yi wa mijinta. Ita ta ce ko sisi ba za ta ƙara ba, a cire sunanta daga takarda kawai. Wa ke da gaskiya? Kuma in auren ya mutu, ina bashin zai koma?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Lissafi biyu ne a nan, haɗa su da ake yi shi ya hana maganar tsayuwa. Akwai lissafin da ke tsakaninsu da banki, wannan takarda ce ke yanke shi. Akwai kuma wanda ke tsakanin miji da mata, wannan kuwa wanda ya ci kuɗin ake bi. Banki ba ruwansa da na biyun.

Abu na farko, matar ta je reshen da aka ba da rancen da katin shaidarta ta nemi takardu uku: kwafin takardar yarjejeniyar da suka sa wa hannu, jadawalin biya, da takardar shige da ficen kuɗin asusunta tun daga ranar da rancen ya shiga. Haƙƙinta ne, ba alfarma ba. A yarjejeniyar a duba a matsayin me kowa ya sa hannu, don “duk mun sa hannu” ba ya nuna komai. Mai yiwuwa ita ce mai rancen shi garanto ne. Mai yiwuwa su biyun ne masu rancen, kuma in haka ne kusan kullum za a ga an rubuta da Turanci “jointly and severally”, ma'ana banki na iya bin kowannensu dukkan kuɗin, ba rabinsa ba. Mai yiwuwa kuma shi a layin shaida kawai ya sa hannu, to a nan babu ko kwabo a kansa a wurin banki. Tunda asusunta aka zuba wa kuɗin kuma ita ake kira, alama ta fi nuna ita ce uwar bashin.

Maganar cire suna ta ajiye ta. Ba a cire sunan mai rance sai banki ya yarda a rubuce ya mayar da bashin kan wani, kuma ba zai yarda ba sai ya ga wancan na iya biya ko ya kawo jingina. Takardar saki ba ta shafi wannan yarjejeniya ko kaɗan.

Illar barin zubi ya tsaya: tara za ta hau, kuma yawanci in an kawo kuɗi daga tara ake fara cira, sai ruwa, sannan uwar kuɗi, shi ya sa mutum zai yi ta biya yana ganin bashi bai motsa ba. Za a kai sunanta kamfanonin ajiye tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral, gobe ko rancen waya ta nema a hana ta. Sannan tun 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba mai ba da rance damar bin lambar BVN ya kwashi kuɗin wanda ya gaza biya daga asusunsa na wasu bankuna, matuƙar ya sa hannu a takardar amincewa da hakan lokacin karɓar rance. Uwar kuɗi da ruwa ake kwasa ta wannan hanya, ban da tara. Saboda haka in tana riƙe da kuɗin adashin mutane ko ajiyar wani a asusunta, ta mayar wa masu shi yau.

Ga lissafin tsakaninsu. Jimillar abin da za a biya 111,000 sau 12, wato 1,332,000. Ita ta ci kashi ɗaya cikin uku, shi kashi biyu. Nata 444,000, nasa 888,000. Ta riga ta biya 333,000, saura 111,000, zubin wata guda ke nan. Shi ya biya 222,000, saura 666,000. Ki haɗa za ki ga 777,000, daidai da zubi bakwai da suka rage. In aka bi rabi da rabin da yake faɗa, kowa zai kawo 388,500, ita ta tashi da biyan 721,500 a kan 300,000 da ta taɓa. Wannan ba lissafi ba ne. Duk abin da banki ya yanka tun farko, kuɗin fom da inshora, shi ma a raba shi ɗaya da biyu. Tarar watannin da aka tsallake kuwa wanda ya tsallake zubinsa shi ke da ita.

Ƙari ɗaya. Wannan kashi 4 a kan dukkan 900,000 ake lissafa shi har watan ƙarshe, ba a kan abin da ya rage ba, don haka ainihin tsadarsa ta haura kashi 6 da rabi a wata. In dangi za su iya haɗa kuɗi, a tambayi banki a rubuce nawa za a biya a rufe bashin yanzu, a kuma roƙi rangwamen ruwan watannin da ba su zo ba. In ba hali, a rubuta takardar neman sake tsara biya kafin bashin ya daɗe ba zubi, don in ya daɗe ana sa shi cikin gurɓataccen bashi, sassauci ya yi wuya.

Almajirin Zaure:

Allah ya saka wa Alhaji Akawu. Kafin komai, ruwan da ke kan wannan rance riba ce, su biyun su tuba, kuma gaggauta rufe shi ya fi jan sa. Mai buƙatar firiza ko kayan shago yana da hanyar murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar masa da ƙarin da aka sani tun farko, a bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya zo a 2019. Wannan don gaba.

A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗe dukiya. Aljihun miji daban, na mata daban, bashin kowa a wuyansa. Malaman Malikiyya sun ce in mutum biyu suka ci bashi tare, kowa kasonsa ake bin sa, sai fa in an sharɗanta kowa ya lamunce wa ɗan'uwansa. Wanda kuma ya biya wa wani ta hanyar lamuni yana da damar komawa kansa ya karɓi abin da ya biya, in biyan ya tabbata. Ke nan ko banki ya tatse ta duka, ba ta yi asara a hukunci ba, za ta bi shi.

Maganar haya ba ta da ƙafa. Mazauni, ci da sha da sutura wajibin miji ne ko da matar ta fi shi arziki. Don ta kwana a ɗakin ba a ce ta ci bashin ba. Wannan 150,000 tana nan cikin kasonsa.

Inda za a yi gumi shi ne cewar da ya yi taimako ne. A nan a lura da bambanci. Abin da mace ta ciyar da kanta lokacin da mijinta ke cikin rashi na gaskiya, a mazhabarmu ba ta bin sa, don ciyarwa na faɗuwa daga kan wanda ba shi da shi. Amma abin da ta kashe a kansa shi, ko ta biya masa, tana komawa ta karɓa ko da matalauci ne, sai in da niyyar kyauta da sada zumunci ta yi. To wa zai tabbatar da niyya? Ƙa'ida ita ce hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan mai musu. Shi bai musa an biya ba, cewa ya yi kyauta ce, don haka ana neman ya kawo abin da ke nuna kyautar, alƙali kuma ya dubi al'ada da alamu. Macen da ta sayar da gwal ɗinta ranar da jami'in banki ya tsaya a ƙofar gida, ba kamar mai rabon goron sallah ba ce. In babu hujja ta kowane ɓangare, rantsuwa ce za ta raba. Wanda aka ba rantsuwa ya noƙe, a juya ta ga ɗayan, in ya rantse a yanke masa.

Game da shaidu, mutane na yawan kuskure. Uwa da uba ba sa yi wa 'yarsu shaida, ɗa ba ya yi wa mahaifansa, haka littafin Risala na fiƙihun Malikiyya ya kawo. Ɗan'uwa adali kuwa ana karɓar tasa ga ɗan'uwansa. A sha'anin dukiya ana hukunci da maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Saboda haka uwar adashi da mai shagon gwal sun fi mata amfani a kan mahaifiyarta, duk da mahaifiyar ta fi kowa sanin abin da ya faru.

In kuwa takarda ta nuna wani garanto ne kawai, asalin hukunci a wurinmu shi ne ba a ɗora wa mai lamuni biya sai in mai bashin ba shi da shi ko ba ya nan, sai dai in an sharɗanta a bi wanda aka ga dama. Kuma mata su sani, wadda ta tsaya wa mijinta lamuni sannan daga baya ta ce tilasta mata ya yi, ba a gaskata ta sai da hujja.

Saki ba ya goge bashi. Amma a kula ƙwarai in magana ta kai ga kul'i, domin nan ake cinye haƙƙin mata da yawa: cikin zafin rai sai ta ce “na yafe komai, ya sauwaƙe mini kawai”, a rubuta, bashin ya bi ruwa. In kul'in za a yi, a ambaci abin da za ta mayar da sunansa da adadinsa, a kuma rubuta cewa bashin banki ba ya ciki. In mutuwa ce ta zo, ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun gabatar da bashi a kan rabon gado. A fara fitar da abin da take bin sa a matsayinta na mai bin bashi, sannan ta karɓi tumuninta in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu.

Masu jin kunyar rubutu tsakaninsu da iyali su buɗe aya ta 282 a Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani. Ba ta togace miji da mata ba.

Barista Na-Gwale:

Allah ya gafarta Malam, zan ɗan saka baki a kan maganar garanto, kada Hajiya ta tafi da ita yadda take. Togaciyar da Malam ya ambata, “sai in an sharɗanta”, ita ce ke aiki a nan, don takardun banki kusan duka sun sharɗanta. Suna rubuta cewa za a bi garanto kamar shi ne ya ci bashin, ba sai an fara gajiya da mai rancen ba. Kuma banki ba kotun Musulunci zai je ba, majistare ko babbar kotun jiha zai nufa, can kuwa abin da aka sa wa hannu ake karantawa, har da ruwan. Ƙarar da ke tsakanin miji da matar ita ce za ta iya zuwa kotun shari'ar Musulunci.

Abubuwan da jami'in banki ba shi da ikon yi: ba shi da ikon shiga gida ya kwashi kaya don an tsallake zubi, sai in kayan an rubuta su jingina a yarjejeniya, ko kotu ta yanke hukunci ma'aikatanta suka zo zartarwa. Ba shi da ikon sa 'yan sanda su kama ta. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8(2) na dokar tafiyar da hukuncin laifuka ta 2015 (ACJA) sun hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 7 na ACJA kuma ya hana kama wani a madadin wani, don haka ba a kama uba ko ƙane don a matsa wa mai bashi. In ana mata barazana ko ana tozarta ta a wurin dangi, ta rubuta ƙorafi ga bankin ta riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, ta kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki.

Sai dai akwai rami guda. A tambaye su ko wani a cikinsu ya ba banki cak da aka rubuta wa kwanan wata na gaba, don ana yawan karɓar irinsa a hannun garanto. In aka kai cak ɗin ya dawo babu kuɗi, magana ta tashi daga bashi ta koma laifi a ƙarƙashin dokar 1977 ta cak maras kuɗi, hukuncinta ɗaurin shekara biyu. Wanda ya ba da shi ya je ya daidaita da banki kafin ranar ta zo.

Hujjar da za ta tara: takardar asusun da ke nuna ranar da 900,000 ta shiga da yadda 600,000 ta fita zuwa gare shi. In tura masa ta yi ta waya, an gama, sunansa na nan. In a wurin mai POS aka cira aka miƙa masa a hannu, to a nan ne aiki yake, sai a nemi rasit ɗin mai gidan haya, da dilan da ya sayi kaya a wurinsa a makon, da saƙonnin WhatsApp ko na murya da ya ambaci kuɗin. Kada ta goge komai, kada ta sayar da wayar. Amma duk wannan bai kai iƙrarinsa a gaban shaidu ba, kuma a yanzu yana iƙrarin ya karɓi 600,000, rabon kawai yake jayayya. A rubuta wannan iƙrarin tun bai sake shawara ba.

Shawarar da ba za ta yi mata daɗi ba: ta biya 111,000 ɗin da ya rage a kanta, ta asusunta, ta riƙe shaida. “Ko sisi ba zan ƙara ba” na raunana ta, don shi ma zai ce ita ta fara ƙin biya.

Gwaggo Mai Sulhu:

'Yata Maman Ihsan, ga yadda ake zaman, don masu ilimi sun gama nasu. Kada a haɗa zaman biko da zaman bashi. In aka haɗa, sai a ce mata “ki yi haƙuri ki koma ɗakinki, kuɗi ba komai ba ne”, ta koma, wata ya ƙare, banki ya sake kira, yaji na biyu ya fi na farko muni. A fara gama lissafi, ko da kwana ɗaya ne tsakani.

Mutum shida sun isa: shi da ita, waliyyinta, babba ɗaya daga danginsa, sai shaidu biyu da ba dangin kowa ba, kamar liman da mai unguwa. A hana taron ƙannai da ƙawaye. A shimfiɗa takardun banki a tsakiya, wanda ya iya lissafi ya karanta da ƙarfi. Kada a tambayi wa ya yi laifi, a tambayi ina kowace naira ta tafi.

Takardar da za a rubuta ta ƙunshi adadin da kowa ya ci, abin da kowa ya biya, abin da ya rage a kan kowa, ranar zubi, da abin da zai faru in ya tsallake, misali a sayar da wani kaya na shago da aka ambata da suna. A rubuta da Hausa, ko boko ko ajami, a karanta wa kowa, a sa hannu ko a dangwala, kowa ya tafi da kwafinsa. Shi kuma ya riƙa zuba kasonsa kai tsaye a asusun rancen, kada ya bi ta hannunta, kada ya bi ta hannun ɗan aike, ya tura wa waliyyinta shaidar biya duk wata. Kuɗin da ya biyo ta cikin gida cefane ke cinye shi.

In ya ce ba zai iya 111,000 a wata ba, a duba shagon da idon basira. Mai rashi na gaskiya Allah ya ce a jinkirta masa zuwa sauƙi, sai a tafi banki tare a nemi ƙarin wa'adi. Mai shi da yake ja kuwa, Annabi (SAW) ya kira jinkirinsa zalunci. In zaman gida ya gagara, ofishin Hisba na yin sulhu irin wannan kuma suna rubutawa. Kotu ta zama ta ƙarshe, don sammaci in ya shiga gida da wuya aure ya kai labari.

Kuma don Allah iyaye su bar matsa wa yarinya ta ce ta yafe a gaban mutane. In za ta yafe, bayan an rubuta haƙƙinta ne, da bakinta, ba wanda ya tsare ta da ido.

Maman Ihsan:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. An karɓo takardar, ita ce mai rancen, shi garanto, ba a ba da cak ba. Sai dai sabuwa ta ɓullo. Ya ce in dai shi zai biya 666,000, to firizar tasa ce, tunda a gidansa take kuma shi ya je kasuwa ya sayo ta. Ya hana a ɗauko.

Almajirin Zaure:

Hajiya, ba zai haɗa biyu ba. An ɗora mata 444,000 ne saboda an lissafa firizar a kasonta. In ya ce tasa ce, sai kuɗinta da ruwan da ya hau kansa su koma kasonsa, a cire daga nata, kuma a lokacin shi ne zai biyo ta da canji. Aiken da aka yi masa kasuwa wakilci ne, ba ya mallaka masa kaya.

Amma ta yi hanzarin neman hujja, saboda ƙa'idar kayan gida in ma'aurata suka yi jayayya babu shaida: abin da aka san na mata ne, kamar gado da kwanuka da kayan ado, nata ne da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne nasa ne, abin da ya dace da kowa kuwa ana ba miji da rantsuwarsa, don gidan nasa ne. Firiza na iya faɗawa wannan kaso na uku. A duba sunan da ke kan rasit. In sunansa mai shago ya rubuta, a dawo ga takardar asusunta a nuna fitar kuɗin a ranar da aka saya, a kawo masu sarin zoɓo da ƙanƙara biyu da suka san ita ke sana'a da ita, sannan a sa layi guda a takardar sulhun da Gwaggo ta faɗa cewa firiza mai lamba kaza mallakar matar ce. Lambar tana jikin takardar da aka manna a bayan firizar, kusa da inda waya ta fito.